Alun Wyn Jones: yadda ɗan sahu na biyu daga Swansea ya tara wasa 170 a ƙwallon zari-ruga

A tarihin ƙwallon zari-ruga na maza, babu wanda ya buga wasan ƙasa da ƙasa da yawa kamar Alun Wyn Jones. Sau 158 ya sa jar rigar Wales, sau 12 kuma ya buga manyan wasannin tawagar Lions, wato haɗakar fitattun 'yan wasan Ingila da Scotland da Wales da Ireland, jimla 170, tsakanin 2006 da 2023. Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa ba lallai adadin ya girgiza shi ba, tunda a can akwai waɗanda suka zarce haka. Sai dai zari-ruga wasa ne na karo da jiki daga farko har ƙarshe, kuma gurbin da Jones ya riƙe yana cikin waɗanda suka fi cin kafaɗa da wuya da gwiwa. A duk wasanninsa na Wales, sau tara kacal ya dire ƙwallo a bayan layin abokan hamayya. Ke nan ba yawan cin maki ya ajiye shi shekara 17 a tawaga ba. Kafin a gane dalilin da ya sa masu horar da tawagar Wales, Gareth Jenkins da Warren Gatland da Rob Howley da Wayne Pivac, kowa a zamaninsa, suka riƙa sa sunansa a takarda, sai an fara sanin aikin da yake yi a fili, domin aiki ne da kyamara ba ta cika bi ba.

Aikin ɗan sahu na biyu

Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 15, ana kuma yin minti 80. Masu lamba 1 zuwa 8 su ake kira 'yan gaba, masu lamba 9 zuwa 15 'yan baya. A nan mai kallon ƙwallon ƙafa yakan rikice, domin shi a saninsa ɗan gaba shi ne mai zura ƙwallo a raga. A zari-ruga 'yan gaba su ne ƙarti masu nauyi da ke kokawar samo ƙwallon, 'yan baya kuma su ruga da ita. Dire ƙwallo a bayan layi maki 5 ne, bugun da ke biyo baya maki 2, bugun laifi maki 3. Ba a miƙa ƙwallo gaba da hannu, sai gefe ko baya, shi ya sa kowace mita guda da za a ci sai an biya ta da jiki ko an buga ƙwallon da ƙafa.

Masu lamba 4 da 5 su ne 'yan sahu na biyu, galibi su ne mafi tsawo a tawaga. Jones yana da tsawon mita 1.98, nauyinsa kuma wajen kilo 120. Aikinsu ya kasu gida uku.

Na farko shi ne turereniya, wadda masu wasan ke kira sikiram. Idan wani ya saki ƙwallo ta faɗi gaba, 'yan gaba takwas na kowane ɓangare sukan sarƙe su tunkari juna. Mutum uku ne a sahun farko: mai lamba 2 a tsakiya, masu lamba 1 da 3 a gefensa. Ɗan sahu na biyu yakan durƙusa a bayansu, ya cusa kansa tsakanin cinyar mai lamba 2 da ta na gefe, ya rungumi abokin sahunsa da hannun ciki, hannun waje kuma ya bi ta tsakanin ƙafafun na gabansa ya damƙi rigarsa ko bakin wandonsa. Dole kafaɗarsa ta zauna daidai ƙarƙashin mazaunin na gaba, bayansa ya miƙe kamar allo, ƙusoshin takalminsa su nutse a ƙasa. Nauyin mutum takwas na babbar tawaga yakan kai wajen kilo 900, kuma yawancin ƙarfin tunkuɗar ta jikin waɗannan biyun yake bi. Abin da ke ɓata aikin sananne ne. Idan kafaɗa ta zame ta hau kan bayan na gaba, ƙarfin ya tashi sama ya lalace. Idan rungumar da ke tsakanin su biyun ta yi sako-sako, sai abokan hamayya su ɓarka sahun farko ta tsakiya. Idan kuma mutum ya miƙe ƙafafunsa baya da yawa, ba shi da sauran taku, ana matsa shi sai ya kife. Wanda ke ɓangaren dama, bayan mai lamba 3, shi ya fi shan nauyi, saboda mai lamba 3 kawunan abokan hamayya biyu ne ke danne shi hagu da dama.

Na biyu shi ne jifan layi. Idan ƙwallo ta fita, 'yan gaba sukan yi sahu biyu da tazarar mita ɗaya a tsakani, daga layin mita 5 zuwa na mita 15. Mai lamba 2 ya jefo ƙwallon ta tsakiya, mutum biyu su ɗaga na uku ta cinya, ya cafe ta a sama da mita uku daga ƙasa. Ga wanda ke kallo daga nesa abin kamar tsalle ne kawai, amma lissafi ne tsantsa. Akwai mai kira, yawanci ɗaya daga cikin 'yan sahu na biyu, wanda cikin 'yan daƙiƙu zai dubi inda dogayen abokan hamayya suka tsaya, ya furta wata kalmar sirri da ke nuna wa za a ɗaga, a ina, da wace yaudara za a fara. Jifa zuwa gaban sahu ta fi tabbas, amma tana nesa da 'yan baya, kafin ƙwallon ta isa gare su masu tsaro sun riga sun taso. Jifa zuwa ƙarshen sahu ta fi daɗin kai hari, sai dai tafiyarta ta fi tsawo, iska na iya karkatar da ita, in kuwa ta karkace alƙalin wasa ya ba abokan hamayya. Mai ɗagawa ya makara da rabin daƙiƙa, ƙwallon ta wuce. Tawagar da ta rasa jifanta uku ko huɗu a kusa da layin abokan hamayya, sau da yawa a nan ta rasa wasan.

Na uku, wanda a nan ne Jones ya fi tsere wa tsaransa, shi ne abin da ke faruwa bayan an kayar da mai ɗauke da ƙwallo. Doka ta ce wanda aka kayar ya saki ƙwallon nan take. Abokin hamayya na iya sunkuyowa a kan ƙafafunsa ya wawure ta, sai dai in an zo an ture shi. Mai zuwa turewar dole ya shigo ta bayan dandazon, kada ya faɗo ta gefe, kada ya zube a kan ƙwallon, kada kafaɗarsa ta taɓa kan wani. Idan ƙwallon ta fito cikin kamar daƙiƙa uku, masu tsaro ba su gama jeruwa ba, hari ya yi daɗi. Idan ta kai daƙiƙa biyar ko shida, an riga an gina bango. Ɗan sahu na biyu yakan shiga irin wannan dandazo sau da dama a wasa guda, ban da kayar da mutane da yake yi da kansa. Abin da kocina ke dubawa a faifan bidiyo shi ne tsawon lokacin da mutum ke ɗauka daga faɗuwa zuwa miƙewa ya koma sahu. Jones ba shi ne ya fi kowa gudu ba, ba shi ne ya fi kowa tsalle ba, amma yadda yake tashi daga ƙasa a minti na 75 haka yake tashi a minti na biyar. Ya kuma ƙware wajen kutsawa cikin tunkuɗar tsaye, wato inda 'yan wasan ɓangarorin biyu ke sarƙewa da mai ƙwallo yana tsaye suna ture juna, ya zura dogayen hannuwansa ya naɗe mai riƙe da ƙwallo. Idan tunkuɗar ta tsaya cik ƙwallon ba ta fito ba, alƙali yakan ba ɓangaren da ya yi riƙon.

Swansea da Ospreys

An haife shi a birnin Swansea na ƙasar Wales ranar 19 ga Satumba, 1985. Ya yi wasan ƙuruciya a kulob ɗin Bonymaen, ya yi karatu a Kwalejin Llandovery, makarantar da ta fitar da 'yan wasan Wales da dama, sannan ya buga wa kulob ɗin Swansea. Ya taso daidai lokacin da aka sake fasalin wasan a ƙasar. A 2003 hukumar zari-ruga ta Wales ta ga tsoffin kulob-kulob na garuruwa ba za su iya biyan albashin ƙwararru ba, sai ta haɗe su zuwa ƙungiyoyin yanki biyar. Ɗaya daga ciki, Celtic Warriors, ta rushe bayan shekara guda, saura huɗu. Ospreys ta fito ne daga haɗakar Neath da Swansea, maƙwabta biyu da suka daɗe suna adawa da juna. Jones ya fara buga mata a 2005, shekarar da yake cikin tawagar Wales ta 'yan ƙasa da shekara 21 da ta cinye duk wasanninta a Gasar Ƙasashe Shida, wadda Wales da Ingila da Scotland da Ireland da Faransa da Italiya ke yi duk shekara. Yana wasa yana karatun lauya a Jami'ar Swansea, har ya kammala a 2010.

Ospreys ta wancan lokacin ƙungiya ce mai kuɗi da taurari: Shane Williams, Gavin Henson, James Hook, Mike Phillips, Adam Jones, Ryan Jones, ga baƙi irin su Jerry Collins da Justin Marshall daga New Zealand da Tommy Bowe daga Ireland. Tare da wasunsu ya ci gasar lig a 2007. A 2008 suka doke Leicester 23 da 6 a Twickenham, babban filin Ingila da ke Landan, suka ɗauki kofin da kulob-kulob ɗin Ingila da Wales ke takara a kai. A 2010 suka je Dublin suka doke Leinster 17 da 12 a wasan ƙarshe na lig. A shekarar aka ba shi kyaftin bayan Ryan Jones, kuma a 2012 ya jagorance su suka koma filin nan na Dublin suka sake doke Leinster, wannan karon 31 da 30, bayan Shane Williams ya dire ƙwallo a kusurwa dab da tashi, Dan Biggar kuma ya buga ta shiga daga gefen fili.

Inda suka gaza shi ne Kofin Turai. Sau uku a jere, 2008 da 2009 da 2010, suna kaiwa zagayen 'yan takwas ana fitar da su: Saracens, sai Munster da ta lallasa su 43 da 9, sai Biarritz da tazarar maki ɗaya, 29 da 28. Daga nan kuɗi ya ja baya, taurari suka watse. Wajen 2013 da 2014 aka yi ta ficewa daga Wales gaba ɗaya: George North ya tafi Northampton, Jamie Roberts da Dan Lydiate suka tafi Racing a Faris, Leigh Halfpenny ya tafi Toulon, Jonathan Davies ya tafi Clermont. Jones ya zauna. Ya buga wa Ospreys wasa sama da 260, ya riƙe kyaftin har 2018 kafin ya miƙa wa Justin Tipuric.

Wannan zaman yana da alaƙa kai tsaye da adadin 170. Ɗan wasan da ke kulob ɗin Faransa ko Ingila, kulob ɗin ne ke da iko da shi. Ana sakinsa ne kawai a ranakun da hukumar duniya ta tilasta, kuma a makon hutu na Gasar Ƙasashe Shida sai ya koma ya buga wa masu biyansa. Wanda ke gida kuwa yana samun dukkan makonnin atisaye da tawagar ƙasa, yana buga wasan da Wales kan ƙara a wajen waɗancan ranaku a lokacin kaka, ana kuma hutar da shi idan jiki ya nema. A 2015 Jones ya sa hannu a kwantiragin haɗin gwiwa, wanda hukuma ke biyan kashi 60 na albashi, ƙungiyar yanki ta biya 40, hukumar kuma ta samu bakin magana a kan yawan wasannin da zai buga. Wannan tsari ya tsawaita rayuwar wasansa. Abin da ya biya a madadi shi ne Kofin Turai, wanda bai taɓa kusantar ɗagawa ba, alhali kulob-kulob ɗin da ke cin kofin za su karɓe shi hannu bibbiyu.

Rigar Wales

Wasansa na farko a Yuni 2006 ne, da Ajantina a garin Puerto Madryn, yana ɗan shekara 20, kuma ba a sahu na biyu aka fara sa shi ba, lamba 6 aka ba shi a gefen turereniya. Shekara guda bayan haka ya je Kofin Duniya na 2007, inda Fiji ta fitar da Wales tun daga rukuni, 38 da 34 a Nantes, aka sallami koci Gareth Jenkins washegari.

Zuwan Warren Gatland da mai horar da tsaro Shaun Edwards ya dace da irin wasansa. Salon nasu ya dogara ne a kan juriya: masu tsaro su taso da gudu a layi ɗaya su tare mai ƙwallo kafin ya ci ko taku, a kuma riƙa kai hari ta ɓangare guda har abokan hamayya su gaji. Irin wannan salo ba ya tafiya sai da 'yan gaba masu saurin tashi daga ƙasa. A wasan Gatland na farko, Fabrairu 2008, 'yan Ospreys 13 ya zuba a fili, suka doke Ingila 26 da 19 a Twickenham, karo na farko cikin shekara 20. Suka cinye wasanni biyar ɗin duka, abin da ake kira Giran Silam, kuma sau biyu kawai aka dire musu ƙwallo a gasar baki ɗaya.

Ya kuma yi kuskuren da har yau ake tunawa. A Twickenham a 2010, ana 3 da 3, ya miƙa ƙafa ya taɗe ɗan wasan Ingila Dylan Hartley. Alƙali ya ba shi katin gargaɗi, wanda a wannan wasa yana nufin minti goma a waje. Kafin ya dawo Ingila ta ci maki 17, aka tashi 30 da 17, Gatland kuma ya fito fili ya ɗora masa alhakin. Darasin yana da nasaba da gurbinsa: idan ɗan sahu na biyu ya fita, turereniya ta zama bakwai da takwas, jifan layi ya rasa mai tsalle, tsaro kuma ya samu giɓi a tsakiya. Wanda ya kalli wasanninsa na bayan wannan rana zai ga mutum mai tsokana da matsa lamba har bakin iyakar doka, amma da wuya ya sake yin irin waccan wauta.

Ya sake cin Giran Silam a 2012. A 2013 Wales ta sha kashi a wasan farko a hannun Ireland, ta farfaɗo, ta ƙwace kofin daga Ingila a ranar ƙarshe da ci 30 da 3 a Cardiff, wasan da turereniyar Wales ta murƙushe ta baƙi daga farko har ƙarshe.

Ya fara riƙe kyaftin na wucin gadi da Italiya a 2009, amma sai a Janairu 2017 aka tabbatar masa, ya gaji Sam Warburton. Farkon bai yi armashi ba. A filin Murrayfield da ke Edinburgh, Scotland na gaba 16 da 13, Wales ta samu bugun laifi. Maimakon a nemi maki uku a yi kunnen doki, aka buga ƙwallon waje ta kusurwa don a samu jifan layi kusa da layin Scotland, aka yi laifi a jifan layin, dama ta tafi, aka tashi 29 da 13. Bayan wasan ya bayyana cewa shi maki uku ya so, masu bugun ne ba su so ba, maganar da ta jawo tambayar wa ke da wuƙa da nama a fili.

Shekarar 2019 ta amsa tambayar. A wasan farko a Faris an je hutun rabin lokaci Faransa na gaba 16 da nema, Wales ta dawo ta ci 24 da 19. Ta doke Ingila 21 da 13. A makon wasan Scotland labari ya ɓulla cewa ana shirin haɗe Ospreys da wata ƙungiyar yankin, Scarlets, wato 'yan wasa da dama ba su san inda za su ci abinci a kaka mai zuwa ba. Duk da haka suka je Edinburgh suka ci. Ranar ƙarshe a Cardiff, rufin filin a buɗe bisa buƙatar Ireland, ruwa na zuba. Ana shirin taken ƙasa ya lura yaron da ya rako shi yana rawar ɗari, ya tuɓe rigarsa ta sama ya yafa masa, sannan ya ɗaga kai ya rera taken. Ba a jima da fara wasa ba gwiwarsa ta murɗe, aka naɗe ta da bandeji, ya miƙe ya ci gaba. Wales ta kai 25 da nema kafin Ireland ta samu maki bakwai a harin ƙarshe. Giran Silam na uku ke nan gare shi, aka kuma zaɓe shi gwarzon gasar. A watan Agusta, bayan nasara 14 a jere da ta yi tun daga 2018, Wales ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin duniya a karon farko.

Kofin Duniya kuwa ya ƙi shi, kullum da ɗan ƙaramin rata. A 2011 Faransa ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe 9 da 8, bayan an ba Warburton jan kati tun a minti na 18. A 2015 sun doke Ingila a gidanta 28 da 25, Afirka ta Kudu ta cire su a zagayen 'yan takwas 23 da 19. A 2019 a Japan, inda ya zarce Gethin Jenkins ya zama wanda ya fi kowa buga wa Wales a wasan da suka doke Ostireliya 29 da 25, Afirka ta Kudu ta sake tare su a kusa da na ƙarshe, 19 da 16. New Zealand ma bai taɓa doke ta da rigar Wales ba. Rabon ƙasar da yin hakan tun 1953.

Ranar da ya karya tarihin wasa 148 na Richie McCaw ɗan New Zealand ta zo a cikin annobar korona, 31 ga Oktoba, 2020. An mai da babban filin Cardiff asibitin wucin gadi, sai aka kai wasan Llanelli, babu ɗan kallo ko ɗaya, Scotland kuma ta ci 14 da 10. Watanni kaɗan bayan haka, a ƙarƙashin Wayne Pivac, ya ɗaga kofinsa na biyar a Gasar Ƙasashe Shida, duk da cewa Giran Silam na huɗu ya kuɓuce a Faris bayan cikar lokaci, 32 da 30.

Lions

Duk bayan shekara huɗu ana zaɓo fitattun 'yan wasan Ingila da Scotland da Wales da Ireland su zama tawaga ɗaya, su je Afirka ta Kudu ko Ostireliya ko New Zealand su yi manyan wasanni uku. Guraben sahu na biyu biyu ne rak, ƙasashe huɗu ke neman su. Jones ya yi tafiya huɗu, bai rasa ko ɗaya daga cikin manyan wasanni 12 ba. A 2009 ya fara wasan farko a Durban tare da Paul O'Connell, aka mai da shi benci a sauran biyun don a sa Simon Shaw mai nauyi. A 2013 O'Connell ya karye a hannu, Warburton ya ji rauni a cinya, Gatland ya ajiye Brian O'Driscoll, sai kyaftin na wasan raba gardama a Sydney ya faɗo kan Jones. Lions ta ci 41 da 16, nasararta ta farko a irin wannan tafiya tun 1997. A 2017 an soke shi sosai bayan wasan farko a Auckland, wasu na cewa ƙafarsa ta mutu. Gatland ya bar shi, ya haɗa shi da matashi Maro Itoje, suka ci na biyu 24 da 21 a Wellington, na uku aka tashi 15 da 15.

A 2021 shi ne kyaftin na tafiyar baki ɗaya. Ranar 26 ga Yuni, a wasan share fage da Japan a Murrayfield, minti bakwai da farawa kafaɗarsa ta goce a cikin dandazo. Aka sanar cewa ya fita daga tafiyar, aka naɗa Conor Murray kyaftin a madadinsa. Bayan kwana 18 aka sake kiransa, ya bi tawagar zuwa Afirka ta Kudu, ya fara dukkan wasanni ukun yana dab da cika shekara 36. Sun ci na farko 22 da 17, suka faɗi 27 da 9, sannan 19 da 16 da bugun Morné Steyn dab da tashi. Dawowar ta burge duniya, amma akwai abin dubawa a ciki. Kafaɗar da ta taɓa gocewa jijiyoyin da ke riƙe ta sun riga sun saki, kuma ɗan sahu na biyu da ita yake ture mutane duk bayan minti ɗaya ko biyu. A ƙarshen Oktoban shekarar ya sake jin ciwon kafaɗa a wasan New Zealand a Cardiff, sai da aka yi masa tiyata sau biyu, ya yi wata huɗu da ɗoriya a waje.

Ya dawo a Maris 2022 don wasansa na 150 da rigar Wales, aka sa shi kai tsaye ba tare da ya buga wa Ospreys ko wasa ɗaya ba, Italiya kuma ta ci 22 da 21 a Cardiff, nasararta ta farko a can. Masu cewa gaggauta dawo da shi kuskure ne suna da hujja: Will Rowlands, wanda aka mayar benci dominsa, yana cikin waɗanda suka fi ƙoƙari a gasar. Daga wannan lokaci gudummawarsa a fili ta fara raguwa, ko da yake nauyin muryarsa bai ragu ba. A Fabrairu 2023, lokacin da 'yan wasa suka yi barazanar ƙin buga wasan Ingila saboda an kasa ba su sababbin kwantiragi, yana cikin waɗanda suka fuskanci 'yan jarida suka yi bayani a madadin ƙananan 'yan wasa. Sulhun da aka cim ma ya rage sharaɗin da ke hana mai wasa a waje buga wa ƙasa, daga wasa 60 zuwa 25.

Wasansa na ƙarshe da Wales shi ne na Faris a Maris 2023. A watan Mayu, bayan an sa sunansa a jerin masu atisayen Kofin Duniya, ya sanar da ajiye rigar ƙasa, rana ɗaya da Tipuric. Sai a lokacin ya fita waje, ya karɓi gajeren kwantiragi a Toulon don cike gurbin waɗanda suka tafi Kofin Duniya. Gwajin lafiyar da aka yi masa a can ne ya gano bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai, kamar yadda ya bayyana da kansa daga baya, kuma an yi masa aiki bayan ya daina wasa. A Nuwamba ya jagoranci tawagar gayyata ta Barbarians suka kara da Wales a Cardiff don yin bankwana, ya koma Faransa ya buga wasansa na ƙarshe.

A Gasar Ƙasashe Shida ta 2024, ta farko da aka yi bayan tafiyarsa, Wales ta faɗi dukkan wasanninta biyar, abin da rabonta da shi tun 2003. Ba rashinsa kaɗai ya jawo ba, domin tsararsa kusan gaba ɗaya ta tafi a lokaci guda, kuɗin ƙungiyoyin yanki kuma an zaftare shi. Wanda aka ba kyaftin a gasar shi ma ɗan sahu na biyu ne, Dafydd Jenkins, ɗan shekara 21, wanda shekararsa uku a duniya ranar da Jones ya fara fita fili a Puerto Madryn.